Pomeraniyan: Kiwo da Horon Ƙaramin Kare Mai Yalwar Gashi

Pomeraniyan na cikin ƙananan karnukan da ake ajiyewa a gida don ɗebe kewa. Nauyinsa bai cika wuce kilo 3 ba, yakan kuma rayu shekara 12 zuwa 16. Sunansa ya samo asali daga yankin Pomeraniya da ke bakin Tekun Baltik, tsakanin Jamus da Foland. Kakanninsa manyan karnukan ƙasashen sanyi ne. Masu kiwo suka yi ta zaɓar ƙanana suna haɗa su har ya koma ɗan mitsitsi. Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta samo wani daga Italiya a 1888, ta ƙara masa farin jini a Turai. Ƙanƙantar jiki da kaurin gashi, su ne tushen duk wata hidimarsa.

Gashin nan rufi biyu ne: na ciki gajere mai laushi kamar auduga, na waje kuma dogo miƙaƙƙe. Ana taje shi sau biyu ko uku a mako, a rarraba shi da yatsu har matsefi ya kai fata, musamman bayan kunnuwa da hammata inda yake cukurkuɗewa. A nan ne kaska da ƙuma ke samun maɓoya. Wanka sau ɗaya a wata ya wadatar, da sabulun karnuka, sannan a busar da shi sosai. Aske shi ƙwal ba dabara ba ce, domin gashin ba lallai ya dawo yadda yake ba.

Zafi babban abokin gabarsa ne. Kare ba ya gumi sai kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jiki. A garuruwa irin su Sakkwato da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, sai a fita da shi da sassafe ko bayan rana ta faɗi, a tanadar masa inuwa da ruwan sha koyaushe. Haki mai tsanani da dalalar da miyau da tangaɗi alamu ne na a jiƙa shi da ruwa a garzaya wurin likitan dabbobi.

Cikinsa ƙarami ne, don haka ana ciyar da kwikwiyo kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana, kada sukarin jininsa ya faɗi. Babba kuwa sau biyu. Cakulan, goro, albasa, tafarnuwa da inabi duk guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana iya tsaga masa hanji.

Riga-kafi na farawa daga mako 6 zuwa 8, allurar ciwon haukar kare kuma a kusan wata 3, ana sabunta ta bisa shawarar likita, tare da maganin tsutsar ciki. Maƙogwaronsa ba shi da ƙwari, shi ya sa ake ɗaura igiya a ɗamarar ƙirji maimakon wuya. Ƙoƙon gwiwarsa na saurin gocewa, saboda haka ba a barin shi ya riƙa dirowa daga gado ko kujera. Haƙoransa a cunkushe suke, suna bukatar gogewa da man haƙorin karnuka.

Horo kuwa da lada yake tafiya, ba da duka ba. Idan aka ce «zauna» ya zauna, a ba shi ɗan guntun nama nan take; jinkiri kaɗan ya isa ya kasa gane abin da aka yaba. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya fi zama ɗaya mai tsawo. Don koyon bayan gida, ana kai shi wuri guda da zarar ya farka ko ya ci abinci. Pomeraniyan mai yawan haushi ne, kuma wanda duk ya ɗauke shi don ya yi shiru, ya koya masa cewa haushi na da riba. Abin yi shi ne a ƙyale shi, sai ya yi tsit a saka masa. Sabo da baƙi da ƙarar motoci ya fi kamuwa kafin ya cika wata huɗu. Yara ma sai a koya musu su zauna a ƙasa kafin su ɗauke shi, domin faɗuwa daga hannu na iya karya masa ƙafa.