Idan Tukunyar Dumama Ruwa Ta Lantarki Ta Ƙi Mutuwa

Daga watan Disamba zuwa Janairu, lokacin da iskar hunturu ke busowa, asubahin Yamai yana da sanyi ƙwarai. A unguwa kamar Bobiel, inda gidajen siminti suka yawaita, magidanta da dama sun kafa tukunyar dumama ruwa ta lantarki a banɗaki, wadda masu gyara suke kira shofo. Abu ne mai amfani, musamman ga tsofaffi da masu jego. Amma wata rana za ka iya lura cewa ƴar jar fitilarta tana ci tun daga magariba har wayewar gari, ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Ya kai mai karatu, kada ka ɗauki wannan da wasa.

Yadda take kashe kanta

A cikin tukunyar akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da yake yin zafi idan wuta ta ratsa shi. Shi ne mai dumama ruwan. Kusa da shi akwai wata ƴar na'ura mai suna termosta. Aikinta kamar na mai gadi ne: tana jin zafin ruwa, in ya kai mizanin da aka sa mata, galibi digiri 60, sai ta raba bakunan ƙarfe biyu da suke haɗe, wuta ta yanke. In ruwa ya huce, sai ta sake haɗa su. Ƴar ƙarar nan "ƙas" da kake ji lokaci lokaci, ita ce. Dutsen guga na lantarki da resho mai faranti su ma suna da irin wannan mai gadi.

Ga wani ɗan lissafi. Tukunya mai cin lita 50 da ƙarfin wat 1500 tana bukatar kimanin awa ɗaya da rabi kafin ta kai ruwa daga digiri 20 zuwa 60. A wannan aiki ba za ta ci kilowat 3 ba. To, in ta yini ta kwana tana ci, awa 24 cur, kilowat 36 ke nan. Mai kontar da ake biya kafin a sha zai ga kuɗinsa sun ƙare cikin ƴan kwanaki. Mai jiran takardar NIGELEC kuwa, sai ƙarshen wata zai ji a jika.

Abin da za ka fara yi

Tafi wurin kontarka ka saukar da makunnin da ya shafi tukunyar. In ba ka san shi ba, saukar da babban, wanda ake kira dijonktar, ko da gidan duka zai yi duhu. Kada ka dogara da ƙaramin makunnin da ke bangon banɗaki. Ka tabbata hannunka a bushe yake, kuma da takalmin roba a ƙafarka. Wutar gidajenmu mai ƙarfin bolt 220 ce, tana iya kashe babban mutum, balle a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Bayan ka yanke wuta, sai ka buɗe famfon ruwan zafi a hankali, ka kau da fuskarka. Abin da ya fito shi ne zai faɗa maka inda matsalar take.

In ruwan ɗumi-ɗumi ne kawai

Wannan yana nuna termosta ba ta da laifi. Ruwan ne bai taɓa kaiwa zafin da zai sa ta yanke ba. Dalili na farko, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne yoyo. Famfon ruwan zafi da yake ɗiga dare da rana, ko bututun da ya tsage cikin bango, yana fitar da ruwan da aka dumama, mai sanyi yana maye gurbinsa. Tamkar mai zuba ruwa a kwando ne. Rufe dukan famfunan gida, ka duba kontar ruwa. In tana juyawa, akwai inda yake zuba.

Dalili na biyu shi ne raunin wuta. In ƙarfinta ya sauka daga bolt 220 zuwa 180, zafin da ƙarfen yake bayarwa yana raguwa da kashi ɗaya cikin uku. Za ka gane haka in fanka tana juyawa da kyar. A nan ba abin da ya lalace, jinkiri ne kawai. Haka kuma in gida mai mutum goma yana wanka da ƙaramar tukunya ɗaya, ba za ta sami sararin hutawa ba.

In ruwan ya fito da tururi da tartsatsi

Nan ne haɗarin yake, saboda haka ka karanta a tsanake. Duk lokacin da bakunan termosta suka rabu, ɗan tartsatsin wuta yakan tashi a tsakaninsu. Shekara da shekaru, sai ƙarfen ya ƙone, wata rana ya narke ya manne kamar an yi masa walda. Daga nan, ko ka juya maɓalli zuwa sifiri, wuta tana wucewa. Wani lokaci kuma ɗan sandan da yake jin zafin ruwa ne ya zame daga kubensa, sai termosta ta zauna a makance.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan ɓoyuwa. Waya biyu ce take shiga na'ura: ɗaya mai ɗauke da wuta, ɗaya ta komawa. Makunni a kan ta farko ya kamata ya zauna. In mai haɗawa ya yi kuskure ya sa shi a kan ta biyu, kuma ƙarfen dumamawa ya tsage daga ciki, wuta tana iya bi ta jikin tukunyar ta ci gaba da dumama ruwa alhali makunni yana kashe. Alamarsa ita ce ɗan fizgar da ake ji in an taɓa famfo. Wanda ya ji wannan fizga, ko sau ɗaya ne, kada kowa ya ƙara wanka a banɗakin sai an gyara.

Masu ƙera tukunyar sun san termosta tana iya mannewa, don haka suka sa mata kariya biyu. Ta farko wani makatsi ne da yake yanke wuta in ruwa ya kusa tafasa. Ta biyu tana kan bututun ruwan sanyi, a inda yake shiga tukunyar: wani bawul ne da yake buɗewa da kansa in matsin ruwa ya kai bar 7. Shi ya sa kake ganin yana ɗiga kaɗan in tukunya tana aiki. Wannan ɗiga lafiya ce. Abin takaici, wasu sukan toshe bakinsa don kada ya jiƙa bango. Ruwa in ya zama tururi yana neman wuri fiye da ninki 1,500 na wanda yake ciki. Rufaffiyar tukunyar ƙarfe da ba ta da mafita tana iya fashewa har ta rushe bango.

Kai da mai gyara

Buɗe murfin da wayoyi suke ciki ba aikinka ba ne. Kira mai gyaran lantarki da ya koyi sana'ar. Amma ka tsaya a kansa, ka kuma yi tambaya. Termostar da ta manne, canza ta ake yi, ba a kankare ta a mayar. Kuɗinta bai kai na sabuwar tukunya ba ko kusa. In ya ce maka, "Alhaji, bari in haɗa maka kai tsaye kafin a samo kayan," ka ƙi. Ma'anar maganarsa ita ce zai tsallake mai gadin gaba ɗaya. A ganina, wannan gyara na wucin gadi ya fi lalacewar kanta muni, domin an saba mantawa da shi da zarar ruwan zafi ya dawo. Ka sa ya gwada maka wayar ƙasa, ya kuma nuna maka makunnin tukunyar a jikin allon kontar. Rubuta sunansa a ƴar takarda ka manna, yadda uwargida da manyan yara za su iya karantawa.

Ɗaukewar wuta ma tana yaudara. Mutanen Yamai ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, unguwanni suka riƙa samun ta bi da bi. A irin wannan hali na'ura mai manannen termosta takan yi shiru, ka ɗauka ta gyaru. Wuta tana dawowa da tsakar dare, sai ta ɗora daga inda ta tsaya, kowa yana barci. Reshon da aka bari a kunne shi ma haka ne.

In har hayaƙi ya tashi, yanke wuta tukuna. Kada ka watsa ruwa a kan wayar da take da wuta, yi amfani da busasshen rairayi. Fitar da yara, ka kira masu kashe gobara a lamba 18. Wanda ruwan zafi ya ƙona, a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20. Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti.