Kitsen Jikinka, Maganin Ramar Fuskarka

A wajenmu, daga Yankwashi zuwa Roni da Gwiwa, kumatu ne ke fara ba da labarin mutum. Mace ta shiga gidan biki kumatu a lotse, kafin ta zauna an gama yanke mata hukunci: ko yunwa, ko zaman kishiya, ko ciwon zamani. Abin da ke ci mini rai shi ne akwai ramar fuskar da tuwo ba ya mayar da ita, komai yawansa, domin kitsen da ke ƙarƙashin fatar ne ya ƙare.

Wasu tsohon maganin ƙanjamau mai suna stavudine ne ya cinye musu shi. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina amfani da shi, amma fuskokin ba su dawo ba. Mutum ya samu ƙarfi, yana nomansa, fuskarsa kuma tana tona masa asiri a kasuwar Kazaure. Wasu kuwa cutar Parry-Romberg ce, mai zaizaye ɓari ɗaya na fuska tun ƙuruciya.

Maganin yana jikin mai ciwon. Likita zai zuƙo kitse daga ciki ko cinya da siririn bututu, ya tace shi daga jini da mai, sannan ya shigar da shi kumatu kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake yafa irin riɗi. Hikimar ita ce sai hanyoyin jini sun kai ga kowane ɗigo kafin ya rayu; in aka cusa dunƙule, tsakiyarsa mutuwa take yi. Bajamushe Gustav Neuber ne ya fara dashen kitse a fuska a 1893, Sydney Coleman na Amurka ya inganta dabarar bayan kusan shekara ɗari.

Jiki ba ya ƙin abinsa, sai dai wani kaso yakan narke, har a sake aikin bayan watanni. Kuma in kitsen ya faɗa jijiyar jini yana iya makantarwa, don haka ba aikin kemis ba ne. Likitocin gyaran fata suna Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala.

Roƙona ga 'yan'uwana mata: ku bar sha-ka-fashe. Kumburin da yake kawowa ba kitsen da aka rasa ba ne, kuma yakan zo da ciwon suga da hawan jini.