Kyamara a Motar Ƙungiya: Amfaninta da Yadda Ake Kafa Ta

Da dama daga cikin ƙungiyoyinmu na gama kai suna da motar kansu, ko a-kori-kura ko ƙaramar roka, wadda aka saya da gumin membobi. Ita ce take kai masara kasuwar Saminaka, ta ɗauko dankali daga Bokkos, ta kwaso citta daga Kachia, ta kuma dawo mana da taki da iri. Ranar da ta tsaya, kowa ya tsaya. Saboda haka a wannan fitowa za mu yi magana a kan wata 'yar na'ura da za ta iya tsaya wa motar nan ranar da rigima ta tashi a hanya, wato kyamarar mota.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar

Kwanakin baya motar wata ƙungiya da muke zagayawa ta yi lodin kwandunan tumatir za ta kasuwa. A wata mararraba aka yi karo da mai babur, ya karye a ƙafa. Nan da nan jama'a suka taru, dukansu kuwa mutanen garin ne, direba da yaron mota su kaɗai ne baƙi. Direba ya ce mai babur ne ya faɗo masa daga lungu. Mutanen gari suka ce motar ce take gudu. Aka tsare mota kwana takwas, tumatir ya ruɓe, ƙungiya ta biya kuɗin magani da gyaran babur. Har wa yau membobi sun rabu biyu. Waɗansu sun gaskata direba, waɗansu suna cewa a sallame shi. An manta da asarar tumatir, amma rashin yarda yana nan daram, gama ba wanda ya ga abin da ya faru a cikinsu.

Mece ce kyamarar mota?

'Yar ƙaramar kyamara ce, ba ta cika tafin hannu ba. Ana manna ta a gilashin gaba ta ciki, tana kallon hanya. Da an tayar da mota sai ta kama aiki da kanta, tana ɗaukar hoto mai motsi da sauti, tana zubawa a katin memori irin na wayar hannu. Takan yanka hoton gunduwa-gunduwa, minti 1, ko 3, ko 5. Idan kati ya cika sai ta share mafi tsufa ta rubuta sabo a kansa. Katin 32GB yakan riƙe hoton awa huɗu zuwa shida, gwargwadon irin kyamarar. Ku riƙe wannan, domin abin da aka ɗauka yau ba lalle ne a same shi jibi ba.

A cikinta akwai wani abu mai jin girgiza. Idan aka yi karo ko aka taka burki da ƙarfi, sai ya kulle gunduwar wannan lokaci don kada a share ta. Akwai kuma maɓallin da direba zai danna ya kulle da kansa.

Direbobin ƙasar Rasha sun daɗe da rungumar wannan na'ura, saboda yawan gardama da 'yan damfarar da suke ƙirƙirar haɗari don su ci kuɗi. Shi ya sa ranar 15 ga Fabrairu, 2013, sa'ad da wani dutse daga sama ya fashe bisa yankin Celiyabinsk, duniya ta ga abin ta kyamarorin motocin mutanen da suke tafiya aiki da safe. Ba wanda ya shirya ɗaukar hoton. Kyamarar tana aikinta ne kawai, wannan kuwa shi ne amfaninta: ba ta jiran a ce mata ga abu zai faru.

Abin da za a duba kafin a saya

1. Kyan hoto. Kada ku sayi wadda ta gaza 1080P. Ƙasa da haka lambar mota ba ta karantuwa. Ku sa mai kanti ya kunna ta, ku ɗauki hoton titi, ku duba da idonku.

2. Jure zafi. Motar da aka kulle a rana, zafin cikinta yakan wuce digiri 60. Kyamara mai batirin litiyam a ciki takan kumbura ta mutu. Ku nemi mai kafasita, ita ce ta dace da ƙasarmu.

3. Wutar mota. Ƙananan motoci da yawancin a-kori-kura suna aiki da 12V, manyan roka kuwa 24V. Ku karanta jikin cajar. Idan an rubuta 12V–24V, za ta yi a kowace.

4. Katin memori. Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Kasuwa cike take da katin jabu, a jiki an rubuta 64GB, a ciki ko rubu'in haka babu. Ku saya a wurin da kuka amince, ku nemi mai rubutun High Endurance, gama an yi shi don rubutu da sharewa ba hutawa. Ku sayi biyu, ɗaya ya zauna a ajiye a cikin mota.

5. Idan da hali, ku ɗauki mai GPS. Tana rubuta gudun mota da wurin da take a jikin hoton, tana kuma gyara lokaci da kanta.

Yadda ake kafa ta

1. A zaɓi wuri. Wurin da ya fi kyau shi ne sama, bayan madubin tsakiya, ta wajen fasinja kaɗan. Nan ba ta tare wa direba hanya. A tabbata waifa tana share wurin, in ba haka ba ruwan damina da ƙurar hunturu za su rufe mata ido.

2. A kunna ta a gwada kafin a manna. A riƙe ta a wurin, a duba abin da take gani. Hanya ta ɗauki kamar kashi biyu cikin uku na hoton, sama ta ɗauki sauran, bakin bonet ya ɗan leƙo a ƙasa. Idan ta kalli sama da yawa, hasken rana zai sa hanya ta yi duhu.

3. A goge gilashi da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit, a bari ya bushe sarai. Gam ba ya kama maiƙo ko ƙura.

4. A manna. Maƙali iri biyu ne, mai gam da mai tsotsar gilashi. A hanyoyinmu na burji da gargada mai tsotsa ba ya daɗewa, zafi da girgiza suna kayar da shi. Ku yi amfani da mai gam, a danne shi kamar rabin minti, a bar shi ya kwana kafin a shiga doguwar tafiya.

5. A bi da waya. A cusa ta a bakin rufin mota, a gangaro da ita ta ginshiƙin gefen gilashi na wajen fasinja, a bi ta ƙarƙashin aljihun gaba zuwa soket ɗin kunna sigari. Kada ta yi lilo a gaban direba, kada ta kusanci giya, ko burki, ko totur. Idan motar tana da jakar iska ta kariya a ginshiƙin, kada waya ta gitta ta gabanta.

6. A gwada soket ɗin. A kashe mota, a zare makulli. Idan kyamara ta mutu, madalla. Idan ta ci gaba da aiki, to, soket ɗin ba ya yanke wuta, sai direba ya riƙa zare caja kowane dare, in ba haka ba wata safiya a iske batir ya sauka.

Akwai hanya ta biyu, wato a jona ta kai tsaye a akwatin fiyus da wata waya ta musamman da ake sayarwa don haka. Amfaninta shi ne ba mai zare ta ya sa cajin waya, kuma kyamara tana iya gadin mota a tasha ko a kasuwa. Wayar tana yanke wuta da kanta idan batir ya sauko kusan 12V. Wannan aikin rewaya ne, kada a ba ɗan koyo. Kada kuma a yarda a feƙe waya a murɗa ba fiyus, gama ta haka mota take kama wuta.

Saiti huɗu da ba a tsallakewa

Na fari, kwanan wata da lokaci. Hoton da yake nuna wata shekara dabam ya ba abokin gardama ƙofa. Na biyu, a tabbata an kunna sharewa da sake rubutu, a sa gunduwa minti 3. Na uku, a rage ƙarfin jin girgiza zuwa mafi ƙanƙanta. A hanyar ƙauye kowane rami kyamara takan ɗauka karo ne, ta yi ta kulle hoto har kati ya cika, ta daina ɗauka ba wanda ya sani. Na huɗu, a yi wa kati fomat a cikin kyamarar kanta ran da aka sa shi, sa'an nan sau ɗaya a wata.

Kowace safiya, sa'ad da direba yake duba mai da ruwa da taya, ya goge idon kyamara, ya ga 'yar fitilar ɗauka tana ƙyaftawa. Da dare kuwa hasken fitila yakan hana lamba fitowa a hoto. Dabara ita ce direba ko yaron mota ya karanta lambar da ƙarfi, sauti zai riƙe ta.

Ranar da abu ya faru

Rai ne farko. A taimaki wanda ya ji rauni, a kira Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, a lambarta ta gaggawa 122. Bayan haka direba ya danna maɓallin kulle, ya kashe kyamara, sa'an nan ya zare katin ya sa a aljihu, ya sa na ajiya a madadinsa. Kada a zare kati kyamara tana aiki, gunduwar ƙarshe takan lalace, ita ce kuwa ake bukata. Kada ya tsaya yana nuna wa taron da ransa ya ɓaci hoto. Ya kira shugaba ko sakatare, a kwafi hoton a wuri biyu kafin a miƙa wa 'yan sanda ko kamfanin inshora.

Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga na'ura, muddin an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, an kuma kawo takardar tabbaci mai bayyana na'urar da yadda aka fito da hoton. Don haka a adana katin asali da rasidin sayen kyamara. Kada a yanke hoton, kada a gyara kome a ciki. Idan magana ta kai kotu, lauya zai nuna yadda ake rubuta takardar.

Ƙa'idodin da ƙungiya za ta zauna a kai

Sai mu faɗi gaskiya, kyamara ba ta san ɗan gida ba. Idan direbanmu ne ya yi gudu, ko ya sha gaban mota a kwana, ko yana waya, haka za ta nuna. Ƙungiyar da za ta fito da hoto ranar da take da gaskiya, ta ɓoye shi ranar da take da laifi, gara ta bar kuɗinta a asusu. Saboda haka muna ba da shawara a yi waɗannan a taron membobi, a rubuta a littafi:

A zauna da direba kafin a kafa ta. A bayyana masa cewa shi ne na farko da za ta kare, gama shi ake tsarewa, sunansa ne yake ɓaci.

A naɗa mutum biyu masu ikon duba hoto, ban da su ba kowa. Ba a kafa ta don a saurari hirar direba ba. A gaya wa duk wanda ya shiga gaban mota cewa tana ɗaukar sauti.

Kada a sa hoton haɗari a WhatsApp ko Facebook. Wanda yake kwance a titi ɗan wani ne, kada iyalinsa su fara ganin labari a waya.

A shingen jami'an tsaro kada direba ya yi wa kowa barazana da kyamara, kada ya yi gardama a kanta. Ya amsa da ladabi, in da ƙorafi ya kawo wa kwamiti.

Sakatare ya duba katin sau ɗaya a wata, ranar taro, ya tabbata akwai hoton jiya a ciki. Kyamarar da ta mutu wata uku ba a sani ba, ba ta da bambanci da babu.

A ƙarshe

Kyamara ba ta gyara burki, ba ta hana gyangyaɗi, ba ta rage lodi. Abin da yake gabanta kaɗai take gani, sai in an ƙara ta biyu a baya. Motar da tayarta ta suɗe, a fara sayen taya. Amma idan mota tana da lafiya, takardunta sun cika, to, ku auna kuɗin kyamara da katin nan biyu, ku auna asarar lodi ɗaya na tumatir da kwana takwas ba aiki, sa'an nan ku yanke shawara. Ƙungiyar da ta riga ta kafa, muna roƙo ta rubuto mana abin da ta gani, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran su ƙaru.

Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye hanya.