SHIN TUFFA ZA TA YI A KURA DA BUNKURE?

Kusan duk tuffar da ake sayarwa a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa, da wadda 'yan talla ke jerawa a faranti a bakin titunan Kano, baƙuwa ce. Mafi yawanta daga Afirka ta Kudu take zuwa, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Ikko, sa'an nan a ɗauko ta a mota ta biyo hanyar Zariya, ta ratsa Kadawa da Kura, watau tsakiyar ƙasar da ta fi ko'ina ruwan noman rani a Jihar Kano. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutum ya tambayi kansa abin da ya hana a shuka ta a nan.

Tambayar ta ƙara ƙarfi tun da masu sayar da dashe suka fara tallar wata gajeruwar tuffa, wadda suke cewa tana 'ya'ya ko a cikin tukunya. Ma'aikacin gwamnati mai ɗan tsakar gida, da malamin makaranta mai kula da lambun ɗalibai, su ne wannan talla ta fi jan hankalinsu, su ne kuma za su ciri kuɗin daga albashi. Ya kamata kafin su biya su san abin da gajartar bishiyar ke magancewa, da abin da ba ta magancewa.

Game da ruwa dai babu gardama. A zamanin mulkin marigayi Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, aka soma gwajin noman rani a Kadawa, kana a 1974 aka kammala babbar madatsa ta Tiga. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar magudana zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, ba tare da injin ba. An tsara kashin farko na aikin zai shayar da kadada 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce mai riƙe da shi. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa duk sun karɓi wurin. To, amma tuffa tana da wata bukata wadda babu madatsar da za ta biya mata ita.

ABIN DA RUWA BA YA BAYARWA

Asalin tuffa daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, wajen Kazakistan, inda ake tsananin sanyi. A irin waɗannan ƙasashe, da zarar sanyi ya kama sai ta zubar da ganye ta kwanta barci, kuma idanun rassanta ba sa buɗewa sai sun sha sanyi gwargwadon abin da ke cikin halittarsu. Masana suna lissafin wannan da sa'o'in da ma'aunin zafi ya yi ƙasa da digiri 7. Yawancin irin tuffa na Turai da Amurka suna neman sa'a 800 zuwa 1,000, wasu ma fiye.

A ƙasar Kano kuwa, ko a tsakiyar hunturu, watau Disamba da Janairu, sanyin dare yakan tsaya wajen digiri 12 zuwa 14 ne, da wuya ya sauka ƙasa da 10. Da rana ta take kuma sai zafi ya doshi 30, wanda ke warware ɗan abin da bishiyar ta tara da dare. Sanyin da ke sa mutanen Kura kwana da wuta a ɗaki bai kai ya ta da tuffa daga barci ba. Bishiyar da ba ta sami rabonta ba takan yi dogayen rassa tsirara, da ɗan ganye a can ƙarshe, fure kuwa ɗaiɗai, ba a lokaci guda ba. Wannan shi ya sa tuffar da ake samu a Nijeriya take a tsaunin Jos, mai tudun mita 1,200 da wani abu, da kuma Mambila a Jihar Taraba wadda ta fi shi bisa. Kano ba ta kai mita 500 ba.

INA GAJARTAR TA FITO?

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Gajeruwar tuffa ba wani iri ba ne da ake shuka ƙwayarsa. Bishiya biyu ce aka yi wa aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro: reshen da ke sama shi ne mai 'ya'ya, gindin da ke ƙasa shi ne mai hana tsawo. Cibiyar bincike ta East Malling a Ingila, wadda aka buɗe a 1913, ita ce ta tantance waɗannan gindaye ta ba su lambobi a ƙarƙashin Ronald Hatton. Wanda ya fi shahara shi ne M9, da aka tsinta a Faransa a 1879, bishiyarsa takan tsaya tsakanin mita biyu da uku, ta fara 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku. Akwai M27 da aka fitar a 1975, wanda da kyar yake wuce tsawon mutum, shi ne Turawa suka fi sawa a tukunya. MM106 matsakaici ne, kuma shi aka fi gani a ƙasashe masu zafi, gama saiwar M9 ba ta da zurfi, ba ta kuma jure ƙasa mai zafi.

Ma'anar wannan ita ce gindi yana rage tsawo ne kawai, ba ya ɗauke wa reshen da ke kansa bukatar sanyi. Idan aka aura reshen tuffar Turai a kan M9 aka kawo Bunkure, abin da za a samu shi ne gajeruwar bishiya marar 'ya'ya. Wanda kuma ya shuka ƙwayar tuffar da ya saya a kasuwa ya fi kowa hasara, domin zai jira shekara shida zuwa goma, abin da zai fito kuma ba zai yi kama da uwar ba. Saboda haka mai saye ya tambayi suna biyu, na reshe da na gindi, ya kuma ga tabon auren da idonsa. Mai dashen da ya kasa faɗin sunayen nan, shi ma bai san abin da yake sayarwa ba.

Irin da ke da ɗan dama-dama a ƙasa mai zafi kaɗan ne. Akwai Anna, wadda wani manomi mai suna Abba Stein ya samar a Isra'ila a shekarun 1950, tana neman sa'a 200 zuwa 300 kacal. Akwai Dorsett Golden daga tsibiran Bahamas, wadda bukatarta ba ta ma kai haka ba. Akan dasa su kusa da juna, don ƙudan zuma su kai garin furen wannan ga waccan.

DABARAR MUTANEN JAWA

Ko Anna ɗin ma sanyin Kano bai ishe ta ba, sai an haɗa da dabara. Manoman Batu, a gabashin tsibirin Jawa na Indunusiya, ba su san hunturu irin na Turai ba, duk da haka sun daɗe suna cire tuffa sau biyu a shekara. Bayan sun cire 'ya'ya da 'yan makonni sai su zage ganyen bishiyar kaf da hannu, su lanƙwasa rassan su ɗaure su a kwance. Rashin ganye yana sa idanu su buɗe tun kafin barcin ya yi nauyi, cikin wata guda sai fure ya fito. Sai dai a lura, gonakin Batu ma a kan tudu suke, sun fi Kano sanyi.

Wanda zai gwada wannan a Kura, lissafi ya nuna masa lokaci guda ne: ya rage ba da ruwa bayan ɗaukewar damina, ya zage ganye wajen ƙarshen Oktoba, domin fure ya zo daidai da shigowar hunturu. Anna takan nuna cikin kimanin wata huɗu, ke nan za a cire ta kafin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 40, rana kuma ke ƙona fatar 'ya'yan. Kada kuma ya sa ran ja irin na kasuwa, don sanyin dare ne ke kawo wannan launi.

A wannan gaɓa ce tukunya ta fi gona. An daɗe da sanin cewa a sassan Kadawa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa saboda yawan ban ruwa da toshewar magudanai, tuffa kuwa saiwarta ruɓewa take yi idan ruwa ya kwanta mata. A tukunya mai shi ne ke da iko da ruwan: ya ba ta, ya hana ta, ya kuma janye ta zuwa inuwa da bazara. Abin da ake so shi ne mazubi mai cin lita 50 ko fiye, mai huji a gindi. Randar ƙasa ta fi rabin duro na ƙarfe ko baƙar roba, domin randa tana sanyaya abin da ke cikinta, ƙarfe kuwa dafa saiwa yake yi. A haɗa jar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a ɗora randar a kan bulo saboda gara, a bar mahaɗin auren a sama da ƙasa, a kafa sanda a ɗaure bishiyar. Da bazara ban ruwa kullum ne, babu fashi. Ma'aikacin da ake yawan turawa rangadi ya fara tunanin wanda zai bar wa wannan aiki.

Duk da haka, abin nan gwaji ne, kuma bishiya biyu sun isa gwaji. Makarantun sakandare na yankin sun fi dacewa da shi, inda ɗalibai za su rubuta ranar zage ganye da ranar fure da yawan 'ya'ya shekara da shekara. Masu neman shawara ba su da nisa da ita, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tasha a Kadawa, Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa mai hedikwata a Ibadan kuma tana da reshe a Bagauda.

TUFFAR SAHEL

Wanda 'ya'yan itace yake nema ba gwaji ba, gwaba da lemon tsami da rumman duk suna yi a randa ba tare da wannan wahala ba. Akwai kuma wata da ke bakin ƙofa wadda aka raina, watau magarya. A farkon shekarun 2000 cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ta hannun Farfesa Dov Pasternak, ta yaɗa wasu irin magarya na Indiya, kamar Gola da Seb da Umran, waɗanda ake aurawa a kan magaryar gida. 'Ya'yansu sun ninka na daji girma sau da yawa, ana cinsu ɗanye, suna da garɗi kamar tuffa, har aka raɗa musu suna tuffar Sahel. Kalmar Seb ɗin ma a harshen Hindi tuffa take nufi.

Ba ta neman sanyi ko na sa'a guda, zafin Afrilu kuma ba baƙonta ba ne, gama gindinta ɗan ƙasa ne. Tsawonta a hannun mai ita yake, tun da a sabon reshe take 'ya'ya, kuma kowace shekara akan sassare ta sosai kafin faɗuwar damina, ta sake tohowa ta nuna da hunturu. Matsalarta biyu ce: ƙaya, wadda ke sa a nisanta ta da wurin wasan yara, da ƙudan da ke huda 'ya'yan ya zuba ƙwai a ciki. Maganin ƙudan na farko shi ne a riƙa tsince duk ɗan da ya faɗo a binne shi da zurfi, a kuma cire sauran tun suna fara canza launi.