Banda da Itacen Bayan Gida a Amurka da Kanada

A gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka akwai wata itaciya da ake kira mepul. Ita ce ganyenta yake jikin tutar Kanada tun 1965. Tana da yawa a can kamar yadda darbejiya take a garuruwanmu, kusan kowace unguwa akwai ta a ƙofar gida ko bayan gida. An fi saninta saboda ruwanta mai zaƙi. A ƙarshen sanyi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, akan huda gindinta a tari ruwan, a dafa shi har ya yi kauri kamar zuma. Sai an dafa wajen lita 40 kafin a sami lita ɗaya, kuma lardin Kwibek na Kanada ya fi ko'ina yin wannan sana'a.

To, amma itacen ma ba a yar da shi. Idan iska ta karya reshe, ko aka sare tsohuwar itaciya, mai gida yakan faskara ya ajiye domin kyafa nama. Hayaƙin mepul ba shi da kaifi, yana da ɗan ƙanshi mai daɗi, shi ya sa suka fi son shi ga kaza da talotalo da kifi. Naman sa kuwa, wanda yake son hayaƙi mai ƙarfi, sukan haɗa masa da wani itace mai suna hikori.

Babban kuskuren da sabon shiga yake yi shi ne gaggawa. Ya ga itace kyauta a bayan gidansa, ya sare yau, gobe ya hura. Ɗanyen itace kuwa kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wuta ba za ta ci sosai ba, sai ya riƙa tuttuɗo da farin hayaƙi mai kauri, wanda yake lafta wa nama baƙin maiƙo mai ɗaci. Naman da aka sayo da tsada sai ya koma ba mai iya kai shi baki. Saboda haka masu sanin aikin sukan faskara itacen, su jera shi bisa wani abu don kada ya taɓa ƙasa, su rufe samansa kaɗai, su bar iska tana ratsa shi wata shida har zuwa shekara guda. Alamar ya bushe ita ce bakinsa ya tsattsage, ya yi sakayau, in an buga biyu su yi ƙara. Irin wannan shi ke ba da siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, wanda da ƙyar ido ke ganinsa, shi ake nema.

Ba kowane itacen bayan gida ake ɗauka ba. Wanda ya ruɓe ko ya yi funfuna, a bar shi. Wanda aka fesa wa maganin ƙwari kwanan nan, a bar shi. Itatuwa masu ƙaro irin su fayin suna ɓata nama. Mafi haɗari duka shi ne guntun katakon gini, mai fenti ko wanda aka jiƙa da maganin gara. Wani irin maganin akwai gubar asanik a cikinsa, har Amurka ta daina sa shi a katakon gidaje a ƙarshen 2003, amma tsofaffin shingaye suna nan da shi. Masu dawaki a can suna da wani abin lura kuma: ganyen jan mepul idan ya yi yaushi guba ne ga doki, yana lalata masa jini, don haka ba a barin rassan da aka sare a inda dabba take kiwo.

Wutar ba a ƙarƙashin naman take ba, a gefe take, hayaƙi da zafi ne suke bi ta kansa cikin rufaffiyar ganga. Sukan riƙe zafin tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin Salsiyas, sa'o'i da dama, kuma ba a sauke kaza sai cikin tsokarta ya kai digiri 74. A lura, wannan banda ta ɗanɗano ce, ba ta ajiya ba. Naman yana fitowa da laushi da danshinsa, in ba a ci ba sai firiji. Ba kamar bandar kifin Baga ba, wadda ake kyafewa har ta bushe ƙayau, a ɗure a kwali a kai ta Kudu.

Mepul mai zaƙin nan ba za ta yi a ƙasar Hausa ba, gama ƙasar sanyi take so. Amma dokar hayaƙi ɗaya ce ko'ina. Mai banda a nan yana da busasshen marke da ƙirya, masu ƙarfi da daɗewa ana ci. Ya nisanci itace mai farin nono irin su tinya da tumfafiya, haka nan ɓaraguzan akwati mai fenti, da roba ko leda da wadansu suke tada wuta da su. Mai sayen banda a kasuwa kuma ya shinshina, ya murza da yatsa: idan baƙin ya biyo hannu yana danƙo, yana warin ƙauri, da ɗanyen itace aka kyafa shi.