Mutanen Kastaniya: Yadda Kakanni da Jikoki ke Karɓar Sanyi a Jamus

Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, duk wanda ya ratsa lambun shaƙatawa a Jamus zai ga tsofaffi da ƙananan yara sun sunkuya a gindin manyan itatuwa, kowa da jaka ko bokiti a hannu. 'Ya'yan kastaniya suke tsinta. Itaciya ce mai faɗin inuwa, ganyenta a buɗe yake yatsu-yatsu. 'Ya'yanta na cikin wani koren kwanso mai ƙaya, idan suka nuna sai kwanson ya faɗo ya tsage, ƙwallon ya gangaro waje, ja-ja mai duhu, yana sheƙi, da farin tabo a gefe guda. Ba a cin wannan nau'in, yana ɓata ciki. Akwai wata kastaniyar daban da ake gasawa ana sayarwa a kasuwannin hunturu, kuma bambanta su shi ne darasin farko da yaro ke samu a bakin Oma ko Opa, wato kakarsa ko kakansa.

Itaciyar ba 'yar ƙasa ba ce. Asalinta duwatsun yankin Balkan ne. A 1576 aka kai irinta birnin Biyana daga Istanbul, daga nan ta bazu cikin lambunan sarakuna, ta fita titunan gari, har ta zama da wuya a sami unguwar da babu ita. Abin da ya raya al'adar haɗa mutane da dabbobi da 'ya'yanta ke nan: kayan aikin a ƙasa suke zube, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka duk durƙusawa suke yi su ɗauka.

Idan aka dawo gida sai a shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin kicin, a juye tsintuwar. A nan ake gane wanda ya san aikin. Kastaniya sabuwar faɗuwa tana da taushi, basilla na shiga cikinta ba wahala. Wadda ta kwana biyu kuwa ta ƙeƙashe, sai ƙarfen ya zame ya soki yatsa. Saboda haka huji aikin babba ne. Opa yakan danne ƙwallon a kan katako, ya murɗa ɗan ƙarfen huji a hankali, sa'an nan ya miƙa wa jika ya cusa tsinken ashana ko na sakace. Babban ƙwallo shi ne gangar jiki, ƙarami shi ne kai. Tsinke huɗu a ƙasa, an sami doki ko tunkiya. A ƙara dogon tsinke a wuya, ya koma raƙumin dawa. Idan aka soka gajerun tsinke da yawa a baya, bushiya ce. Mai ƙafa biyu shi ne mai wuyar sha'ani, don ba ya tsayuwa sai an raba wani ƙwallon biyu an yi masa takalma. Hular kansa kuwa daga itacen ok ake samo ta, domin 'ya'yansa na zaune ne cikin wani ɗan ƙoƙo da ya yi daidai da kan mutumin.

"Oma, nawa ya faɗi kuma."

"Ƙafarsa ɗaya ta fi tsawo. Karya kaɗan, ka sake gwadawa."

Abin da ya fi burge ni a al'adar shi ne tsohuwar ba ta karɓe aikin ta gyara da kanta. Tana barin yaron ya karya tsinke biyar kafin ya dace. Wanda ya taso a ƙauyen Hausa ya san irin wannan zama, lokacin da aka gama girbin dawa yara suka baje suna fere kara, suna haɗa mota da tabarau da ɓawonsa da ɓargonsa. Can ma ba a saya, kuma wanda ya iya shi ke nuna wa na baya.

Ganye ma yana da nasa aikin. Ana zaɓo ja da rawaya, a jera su tsakanin shafukan littafi mai nauyi har su bushe a miƙe, daga baya a manna su a takarda ko a gilashin taga.

Da Nuwamba ta kama sai hankali ya koma kan fitila. Ranar 11 ga wata Kiristocin ƙasar ke tunawa da Martin, sojan Rum da labari ya ce ya raba mayafinsa biyu da takobi ya ba wani mabaraci rabi a cikin tsananin sanyi, daga baya ya zama bishop na birnin Tur a Faransa. Da magariba yara kan yi jerin gwano a titi riƙe da fitilun da suka haɗa da hannunsu, galibi da wani mutum a kan doki a gaba. Yawancin fitilun na takarda ce mai shara-shara, wasu an manna musu busassun ganyen nan, ta yadda idan haske ya kama za a ga kowace jijiyar ganyen. A da kyandir ake sawa a ciki, kuma tsofaffi da yawa na iya ba da labarin fitilar da ta kama da wuta a tsakiyar hanya. Yanzu ƙaramin ƙwan lantarki mai batir ya karɓe wurin.

Yaran da suka tara kastaniya fiye da abin da teburi zai ɗauka suna da inda za su kai. Masu kula da gandun daji na karɓa don ciyar da namun dawa a hunturu. Kamfanin alawa na Haribo kuma tun 1936 yake musaya da yara: kilo 10 na kastaniya ko kilo 5 na 'ya'yan ok a bakin kilo 1 na alawa. Iyalai kan zo da buhuna cike da bayan mota su bi layi.

Ita kanta itaciyar tana cikin wahala. A 1984 aka fara lura da wani ɗan ƙwaro kusa da tafkin Ohrid a Masedoniya, wanda tsutsarsa ke cin ganyen daga ciki. Cikin shekarun 1990 ya shigo Jamus, yanzu tun watan Yuli ko Agusta sai ka ga ganyen ya ƙone kamar kaka ta yi. Ƙwaron yana kwana hunturu a cikin ganyen da ya zube, don haka maganin da aka fi dogara da shi shi ne a share ganyen kakaf a kawar da shi. A Balin da wasu garuruwa makarantu da 'yan unguwa kan fito da manjagara su yi aikin gayya a gindin itatuwan, kuma a cikinsu akwai kakannin nan da jikokinsu.

Su kuwa mutanen kastaniya, a bakin taga ake jera su. Bayan mako biyu ko uku sheƙin ya dushe, ƙwallon ya motse, hujin ya saki tsinke, ƙafafu su fara zubewa. Wasu gidajen kan zare tsinken su zuba sauran a ramin taki, wasu kuma su bar yaro ya binne ƙwallo ɗaya da ba a huda ba a tukunyar ƙasa a waje, domin sai ya sha sanyin hunturu yake tsirowa.