Gajiyar Aiki a Shagunan Ɗinki na Damagaram

Shagon ɗinki a Damagaram, a Birni yake ko a Zango ko gefen Kasuwar Dole, tsarinsa kusan ɗaya ne. Maigida ke awo da yanka, manyan yara na kan keke, ƙanana kuwa sai guga da maɓalli da aike. Wasunsu daga karkara aka kawo su, irin su Dakusa da Mirya, iyaye suka danƙa amanarsu ga maigida. Yawanci babu albashi, sai kuɗin abinci da ɗan ihsani da sana'ar da za su fita da ita.

A goman ƙarshe na azumi halin shago ke fitowa fili, a nan kuma ake ta maimaita tsohuwar maganar nan wai tela ba ya cika alkawari. Maganar ta isa haka! Masu faɗinta ba su taɓa tambayar yadda kayan suka taru ba. Shago ya cika tun tsakiyar wata, sai ga surukin maigida da shadda a leda. Bayansa limamin unguwa, sannan hajiyar da ta shekara goma tana kawo atamfa: "Maigida, ka rufa mini asiri, na yara ne kawai." Wa zai dubi idonta ya ce a'a? Kunya ke karɓar ɗinkin, yaran shago ke biya da barcinsu. Daga shan ruwa zuwa sahur keke na kuka, wuya a sunkuye, ido a kan allura, ga dutsen guga na gawayi yana ƙara wa ɗakin zafi. In wuta ta ɗauke, mai surfani ya naɗe hannu yana kallon tulin riguna. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulki, masu keken lantarki sun ji jiki.

Abin da ke samun yaro a nan ba lalaci ba ne, ba kuma sammu ba, gajiyar aiki ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta da matsalar da nauyin aiki marar sassauci ke haifarwa, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, hannu ya daina kyau. Maigida na ganinsu: yaron da ɗinkinsa ke tafiya sak ya fara karkata aljihu, ana magana yana ƙunƙuni. Shayi da goro ba sa maganin wannan, balle taramol da wasu ke haɗiya don su kai asuba.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako, amma da wuya ta leƙa irin waɗannan shaguna. Halin maigida ne ke riƙe yara. Wanda ya rufe karɓar kaya tun azumi na goma sha biyar, ya raba kwana tsakanin yaransa, ya daina tsawa gaban masu kaya, ya kuma tabbatar an ɗinka wa kowane yaro kayan sallarsa kafin jajibere, shi ne yaransa ke zama har ranar yaye, sa'ad da wasu iyayen gida kan sallami yaro da keke da almakashi ya buɗe nasa shagon.